Mai Atamfar da Ka Sa a Wasanka

Salaga, ranar Alhamis

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Akra lafiya. Allah Ya tsallakar da kai ruwan Makango, Ya tsare ka daga direba mai gaggawa da abokin zama mai dogon hannu. Na sa ta a aljihun jakarka da kake ajiye cajar waya, don na san nan hannunka zai fara zuwa kafin ma ka nemi alƙibla.

Na so in yi maka maganar baki da baki. Amma kwanakin nan gidan cike yake da masu zuwa yi maka sallama, kuma na san halinka. Idan aka taɓo abin da ke ranka sai ka sunkuyar da kai ka yi ta “to, Mma, to, Mma,” alhali kunnenka ya tafi wani gari. Takarda kuwa ba a katse ta, don haka ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Bari in fara da kuskurena, kar ka ce tsohuwa ta hau kujerar alƙali. Kana firamare kawunka ya kawo maka 'yar na'urar wasa daga Kumasi, irin wadda ake riƙewa da hannu biyu. Ni ban taɓa leƙa fuskarta ba. Na dai ga yaro ya daina jin kira, sai na yanke cewa caca ce ta Turawa, na ɗauke ta na tura ƙasan kwallar zannuwan biki, na ce maka ɓera ya ja ta. Ka dube ni ka ce, “Mma, ɓera bai iya dannawa ba.” Can ta zauna har batirinta ya fashe ya ɓata mini leshin da na fi so. Da ka girma ka samu waya, ka koma wa abinka. Wata rana ka zo inda nake tankaɗe ka ce, “Mma, duk mutanen cikin wasannin nan babu mai kama da mu. In ka ga baƙin mutum, to mai gadi ne ko ɗan fashi.” Na ce maka ka fita ƙofar gida, masu kama da kai sun cika zango har sun yi yawa. Ka juya ka koma ɗaki. Ban gane ba a lokacin cewa abin yana maka ciwo da gaske, kuma shi ne zai zama sana'arka. A Akra za ka ga abubuwan da ba ka saba gani ba, na ci da na sutura da na mu'amala. Kar ka yi irin nawa. Ka leƙa tukuna, ka tambayi masu abin, sannan in ba ka so ka ce ba ka so.

Shi ya sa da ka sa mini gwajin wasan da kuke haɗawa a wayata, na ce wannan karon sai na gani da idona. Na saka tabarau na zauna a inuwar mangwaro bayan la'asar, na yi ta fama. Na gane tsarin: mutum ya zama falke, ya ɗauki goro daga Salaga, ya bi ta Bimbila zuwa Yandi, ya nausa har Bawku. Duk wanda ya haɗu da shi a hanya zai yi masa magana, sai a jera amsoshi ya zaɓi ɗaya. Wasu daga cikin mutanen ana iya neman aurensu, su ne masu 'yar zuciya a saman kai, wadda ke cika da ja kaɗan-kaɗan.

Na ji daɗi da na ga mace ma tana iya zama falken, don haka mace na fara zaɓa. Akwai wani mai doya a kasuwar Bimbila, baƙi mai faɗin kafaɗa. Ni dai tarbiyyata ba ta bari in wuce mutum ban gaishe shi ba, saboda haka duk ratsawar da zan yi sai na danna “ina kwana, ya iyali.” Ban ankara ba sai na ji kalangu, wai an ɗaura mini aure da shi. Na faɗa wa babanka yana cin tuwo. Bai ko ɗago ba, ya ce in dai doyar za ta riƙa isowa gida shi ba shi da ta cewa.

Zan faɗi gaskiya, aikinku ya yi kyau. Na ga mai albasar Bawku tana cakuɗa Hausa da yarensu, na ga tsohuwar Yandi ta durƙusa tana amsa gaisuwa da “naa, naa” ba ta gajiya, na ga mai kifin Kete Karachi yana ciniki da yaren Tuwi, in ya fusata ya koma Hausa. Ba ku mai da kowa wawa ko mugu saboda yarensa ba. Da na ji wata ta ce “sannu da rana” daga cikin wayata da irin muryar unguwarmu, sai da hawaye ya zo mini. Ka riƙe wannan da kyau. Can inda za ka, wataƙila wani mai faɗa a ji ya ce 'yar Arewa ba ta dace da komai ba sai ɗaukar kaya a kasuwa, ko ya ce a cire mata mayafi don ta fi shiga ido. Ka ba shi amsa cikin ladabi, kar ka ɗaga murya, amma kar ka sa hannu a irin wannan aiki. Sai dai ina da ƙorafi ɗaya. Duk matan da ake nema a ciki sirara ne kamar ba a dafa abinci a gidajensu, kuma babu wadda ta taɓa aure ko ta haihu. A zangon nan bazawara mai 'ya'ya biyu da jikinta ta fi budurwa manema, kai ma ka sani. Ka sa irinta, ka sa mai ɗingishi, ka sa wadda ta girmi mai nemanta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Bayan na rabu da mai doyata, sai na ce bari in gwada namiji in ga nasu ɓangaren. A kasuwar Salaga, kusa da rijiya, akwai mai sayar da atamfa, ka sa mata suna Zaliha. Tana ɗago kai na gane fuskar. Ga wushiryar, ga tabon dutsen guga a wuyan hannun hagu, ga yadda take karkatar da kai ta ce “to, sai kuma me?” Nasiru, wannan Rakiya ce, 'yar maƙwabciyarmu Mma Sanatu, mai shagon ɗinki a bakin tasha, wadda ka nema bara ta ce maka a'a. Ko makaho ya ji wannan “sai kuma me” ya san wa ake nufi.

Na ci gaba don in ga ƙarshen abin. Na saya mata turare, zuciyar ta ƙaru. Na ƙara, ta ƙara cika. Sai na ce bari in ɓata mata rai. Na wuce ban gaishe ta ba, na kushe atamfarta, na tafi Yandi na yi zamana. Zuciyar ta ragu. Na dawo da kwalbar turare, ta koma yadda take. Na bi ta nan na bi ta can, ban sami hanyar da za ta ƙi mutum ta tsaya a kan ƙinta ba. Daga ƙarshe ta sunkuyar da kai ta ce, “Tun ranar farko kai nake jira.” Na kife wayar a kan tabarma. Rakiyar da na sani ba ta taɓa faɗa maka haka ba.

Akwai labarin da ban taɓa ba ka ba, don bai taso ba. Kafin in auri babanka na zauna wajen gwaggona a Yandi, ina taya ta sayar da koko da ƙosai. Akwai wani mahauci, Alhasan, mutumin kirki mai yawan kunya. Duk ranar kasuwa sai ya aiko mini da hanta a naɗe cikin takarda. Daga hanta aka koma zabi, daga zabi aka koma turmin zane. Ni ba na son sa, ko kaɗan bai kwanta mini ba. Amma kunya ta hana ni faɗa, kuma in za a bi gaskiya, hantar ma ta taimaka wajen rufe mini baki. Shi kuwa a wajensa duk abin da na karɓa wani mataki ne ya hau. Rannan sai ga dattawansa da goro. Gwaggo ta kira ni ta tambaye ni, na ce ban yarda ba. Dattawa suka tashi da goronsu, suka ratsa unguwa kowa yana kallo. Alhasan bai sake bi ta layinmu ba, gwaggo kuma ta koma sayen nama a can ƙarshen kasuwa don kar su haɗa ido. Abin da na koya shi ne, in ba ka son abu ka faɗa da wuri, da baki, kar ka bar mutum yana gini a kan shirunka. In kuma kai aka faɗa wa, ka karɓa. Rakiya ta yi abin da ni na kasa yi a shekarunta. Wasan naka kuwa tunanin Alhasan yake koya wa yara, cewa in kyauta ta taru dole a so ka.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na bara, don da hannuna a cikin wannan abin. Ranar da ta ce maka a'a ka dawo ka bar tuwonka a rufe. Tausayinka ya kama ni, na zauna bakin gadonka na ce, “Mace ba ta cewa eh da fari. Ni ma sai da na ce wa babanka a'a. Ka ci gaba da zuwa, ka riƙa kai mata ɗan turare.” Na auna yarinyar da kaina. Ni lokacin da nake ce wa babanka a'a, dariya nake yi ina leƙensa ta ƙasan mayafi, kowa a gidan ya san inda aka dosa. Ita kuwa ka ce mini ta dube ka ido cikin ido, ta ce tana ganin girmanka amma ba aure. Wannan ba kunya ba ce, magana ce ta gama. Ka bi shawarata ka kai turaren, ta maido ta hannun uwarta, ka sake kaiwa, ta sake maidowa. Da na ga kwalbar nan a cikin wasa na gane daga bakina ta fito. Ya kamata a ranar in ce maka ka yi kukanka ka ci tuwonka, zai wuce. Yanzu nake faɗa maka, ko da ya zo a makare. Kuma ka kiyayi shawarar mai son ka idan ya ga kana cikin ciwo, ko da uwarka ce, don abin da zai sa ka daina kuka kawai yake nema.

Ba na zaton ka yi don mugunta. Na san ɗan da na haifa. Kana zaune a ɗaki kana zane, hannunka ya tafi inda zuciyarka take, ka ba kanka amsar da aka hana ka. Da a littafin zanenka abin ya tsaya, da ban ce uffan ba. Amma ka ba abokanka na majalisar shayi gwajin, su ma sun ba nasu, kuma kai kana ɗaki kana haɗa kaya ba ka san abin da ke gudana a gari ba.

Ranar Litinin wani saurayi ya shiga shagonta ya ajiye kwalbar turare a kan keken ɗinki, ya ce, “Anti Zaliha, saura nawa zuciya ta cika?” Na waje suka fashe da dariya. Wani daga kan babur ya ce shi ya riga ya aure ta, har sun tare a Yandi. Ta rufe shago tun azahar ba ta yi ba. Ka san an sa bikinta bayan Babbar Sallah, da ɗan wani mai fataucin shanu a Bawku. Mutanen Bawku ma suna da waya, Nasiru, kuma yaran mota kullum suna kan hanyar nan. Surukan da suka ji cewa amaryarsu tana cikin wani wasa inda kowa ke aurenta da turare ba za su tsaya tambayar yadda aka yi ba. Ita za su kalla, ba kai ba.

Mma Sanatu ta shigo ranar Talata ina wanke shinkafa. Shekara da shekaru muna aron turmi da taɓarya tsakaninmu, ban taɓa ganin ta tsaya daga bakin ƙofa ba sai ranar. Ta ce da Hausarta ta mutanen Yandi, “Mma Hawa, yarinya ba ya cin abinci, ba ya buɗe shago. Mene ya yi ma yaronka?” Na ce ta shigo ta zauna, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Jiya da rana, lokacin da ka tafi yankan tikiti, Rakiya da kanta ta zo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, ta tambayi babanka, ba ta rage komai daga gaisuwar ba. Ni na fara maganar don in rage mata nauyi. Na ce, “'Yata, na gani, kuma ban ji daɗi ba. Zan sa ya gyara. Zan sa ya mai da ke mai cewa a'a, ko mutum ya kawo turaren duniya.” A ganina na kawo magani.

Ta murza bakin mayafinta, sannan ta ce, “Mma, na riga na ce a'a, a ƙofar gidanmu, ga mutum ɗaya. Ba na so in yi ta faɗa wa duk wanda ya sayi waya. A cire ni kawai.”

Kunya ta rufe ni, don ko ni da na zo da niyyar gyara ban hango abin da ta hango ba. Ina ta tunanin me za a sa a bakinta, ita kuwa tambayarta wa ya ce a sa ta tun farko. Ka daɗe kana cewa kana so a ga irinmu a cikin wasa, kuma na yarda da kai. Amma irinmu daban, 'yar maƙwabta da tabon hannunta daban. Ba ta ba ka fuskarta ba.

To ga abin da nake so. Ka cire ta gaba ɗaya, fuskar da tabon da wushiryar da maganar. Kar ka sauya launin mayafi ka ce ka gyara, mutanen garin nan ba yara ba ne. Ka ƙirƙiro wata mai atamfar da ba 'yar kowa ba. In kana neman kayan haɗi, ɗauki bakin gwaggona, ɗauki dariyar magajiyar kasuwa, ɗauki rowar babarka in kana so, na yafe. Ita wannan sabuwar ka ba ta ikon ƙin mutum ta tsaya a kai, ya yi tafiyarsa Bawku da goronsa, wasan ya ci gaba. Yaran da za su buga suna bukatar su ga cewa ana ƙin mutum kuma ya rayu. Sannan ka kira abokanka ɗaya bayan ɗaya, da muryarka, ka ce su goge gwajin nan, su kuma bi waɗanda suka ba. Kar ka aika wa Rakiya doguwar takardar ban haƙuri a waya, wannan ma wani nauyin ne za ka ɗora mata. Ka kira Mma Sanatu, ka gaishe ta, ka ce ka yi kuskure, ka bar ta ta faɗi abin da za ta faɗa ba tare da ka kare kanka ba.

Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Kai da bakinka ka ce mini mai atamfar nan ce masu kamfanin wasan suka fi yabawa, ita ta sa suka ce ka taho Akra, kuma suna so wasan ya fita kafin Sallah. Za ka shiga ofis kana sabon zuwa ka ce a rushe abin da aka fi so. Wataƙila su ɓata rai, wataƙila su ga ɗan Arewan nan ya fiye matsala. Ina jin tsoron hakan, ba zan ɓoye maka ba, don na ga irin wahalar da ka sha kafin ka sami wannan aiki. Kar ka yi musu ƙarya, kar ka ce zanen ne bai yi maka ba. Ka ce musu mutum ce mai rai, tana da shago a bakin tasha da biki a gabanta, kuma ba ta yarda ba. Hannun da ya zana ta yana nan a jikinka, zai zana wata.

Abu na ƙarshe, kuma gara ka ji daga gare ni. Kafin Rakiya ta tashi na ce mata, “Za a cire ki, kuma kafin Sallah.” Ban tambaye ka ba, ban ce zan gwada ba, na ce za a yi. Ta dube ni ta ce, “To, Mma, in ke kika faɗa, ranar Asabar zan buɗe shago.” Ranar Asabar kana Akra. Ita kuma za ta zauna a gaban kekenta a bakin tasha, samarin nan suna wucewa, ba ta riƙe da komai sai maganar uwarka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wajen aiki da wajen kwana. Allah Ya tsare maka sallarka da cikinka da mutuncinka, Ya ba ka matar da za ta ce maka eh da bakinta da zuciyarta. Babanka yana gaishe ka. In ka kira Mma Sanatu, ka kira ni.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hawa